Littafi 3 na rubuta wa yaranmu na nan, ashe ba sa karanta boko

Maman Rayyan, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a yi min afuwa yau zan cika muku waya da surutu, abin ne ya daɗe yana cina. Waɗanda suka sanni sun san tun 2021 nake rubuta labarin nan na matasa mai dogon zango, yanzu na gama littafi na 3 saura na 4 in rufe. Ga wanda bai sani ba, labarin wata yarinya ce Rukayya 'yar shekara 15, haifaffiyar Karantina a nan Jidda, ba ta taɓa taka Najeriya ba, in ta fita waje a ce mata takruniyya, in dangi sun zo Umara daga Kano su ce Hausarta duk ta karye. Sai kakarta ta rasu ta bar mata wani tsohon gwangwani cike da takardun kakan babanta, wanda ya taso daga Haɗeja a ƙafa zai zo hajji ya shekara 11 a hanya. Labari biyu ne ke tafiya tare, nata da nasa.

Abin da ya sa na fara kuwa 'yata ce. Na duba abin da muke da shi a Hausa, daga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi sai ka faɗa littafin aure da kishiya da uwar miji, tsakani babu komai, yaro ɗan 13 zuwa 18 me zai karanta? Ni dai ba zan iya miƙa wa 'yata irin waɗanda ake turawa a WhatsApp ba wlh. Na ce to bari in rubuta mata da kaina.

Ga inda gizo ke saƙar. Ni a Kano na yi makaranta, aure ya kawo ni nan, sam ban kawo a raina cewa yaran da na rubuta dominsu ba sa karanta Hausar boko ba. Suna jin Hausa raɗau, su yi faɗa da ita su yi ciniki da ita, amma ka ba su shafi guda sai su tsaya suna kallonka. 'Yar tawa ma da ƙyar take haɗa baƙi, shafi 2 ta ce Umma kaina ciwo yake. Masu iya karantawa kuma suna Najeriya da Nijar, su kuma tambayar farko "akwai soyayya a ciki?" in na ce babu sosai sai shiru. Kuɗin littafi naira 1,000 na sa, wanda yanzu ko riyal 3 bai kai ba, duk da haka na 1 mutum 60 da ɗoriya suka biya, na 2 ya sauko 40, na 3 ko 30 bai cika ba. Kuma na biya mai gyaran rubutu, na biya mai zanen bango, na biya masu talla. To in ci gaba da na 4 ko in haƙura? In zan ci gaba ta wace hanya?

Hajjo, Riyad: Wa alaikumussalam Maman Rayyan. Ni fa tun farko na faɗa miki, kasuwa abin da take so ake kai mata. Shekara 8 ina rubutu, duk littafin da ban sa miji da kishiya ba kwantai yake. Ki girmar da Rukayyar nan a na 4, ki kawo mata wani ɗan Kano mai kuɗi ya zo Umara ya ganta a harami, ki ga yadda alat zai dinga shigowa hhh

Maman Rayyan, Jidda: Haba Hajjo, yarinyar da take aji 1 na sanawi, wato babbar sakandare, zan aurar?

Hajjo, Riyad: Ai shi ya sa na ce ki girmar da ita. Ki rubuta "bayan shekara biyar" shikenan an wuce wajen.

Ustaz Ɗan Gadarif: Salamu alaikum. Malama ni malamin makaranta ne a Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma abin da kika gano a 2021 mu a cikinsa aka haife mu, ki bar ganin laifin yaran. Kakanninmu da yawa sun baro ƙasar Hausa ne kafin boko ya kafu. An yi yaƙin Burmi a 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da yau ake kira Mai Wurno. Ita kuwa makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano sai 1909 aka buɗe ta, gasar da ta haifar da littattafan hikaya na farko a boko 1933 aka yi ta a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo 1939. Kin ga duk wannan a bayan idonmu aka yi. Mu Hausa a baki muka gaje ta, karatu kuma da Larabci. Ni kaina boko a Facebook na koye shi ina da shekara 30 da wani abu, har yanzu ɗ da ɓ suna ba ni wahala. Shawarata ki mayar da shi ajami, yaran nan duk sun san baƙaƙen Larabci.

Ɗalibin Madina: Ustaz Allah ya ƙara ilimi, amma da gyara kaɗan. Ajamin ma ba zai ɓulle yadda kuke zato ba, na gwada da yaran da nake wa muraja'a a nan. Ajaminmu na gida a kan rubutun Warshu aka gina shi, fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, ga imala da ake nuna wasalin e da ita. Yaron Makka ko Madina da ya tashi da mushafin Hafsu in ya ga ƙaf ɗinmu fa zai karanta. Sannan c da ts da ƙ kowane malami da yadda yake rubuta nasa, kuma dole sai an yi wa kowace kalma wasali in ba haka ba ba ta karantuwa, ki ƙiyasta littafi mai shafi 200 ana bin sa harafi harafi a waya, ai sai yatsa ya kumbura.

Ustaz Ɗan Gadarif: Gaskiyarka ɗana. Mu ma a nan kowa yadda ya ga dama yake rubutawa in zai tura saƙo, wani ya sa jim a wurin c wani ya sa shin. Amma dai ana ganewa.

Ɗalibin Madina: Saƙon layi 2 ana ganewa Ustaz, littafi 4 kuma wani abu ne daban.

Abu Fahad, Makka: Ni ba maganar boko ko ajami ce ta dame ni ba. Hajiya matata ta karanta min wani yanki na littafi na 2, wajen da ƙawar yarinyar ba ta da igama, wato takardar izinin zama, take ɓuya in ta ga motar jawazat, jami'an shige da fice, da inda aka kai yayanta tarhil, wajen tsare waɗanda za a kora daga ƙasar. Wannan fa tonon silili ne. Mu da aka haifi iyayenmu a Sharumansur da Hindawiyya mun san abin da muke ciki, ba sai an buga wa duniya ba. Dama can 'yan Najeriya da sun ji an ce takari sai su ɗauka duk bara muke, ke kuma kin ƙara musu abin faɗa. Ki yi haƙuri amma ke zuwa kika yi, gobe in kin ga dama ki koma Kano, mu ina za mu?

Maman Rayyan, Jidda: Yaya Abu Fahad na ji zafin maganar nan amma ba zan ce ƙarya kuka yi ba, ni zuwa na yi. Sai dai da za ku bari a karanta muku littafin gaba ɗaya za ku ga baban Rukayya injiniya ne ɗan ƙasa, yayarta nas ce, akwai malamin tahfiz, akwai mai wasan ƙwallo, akwai kuma wadda ba ta da takarda, domin duk a unguwa ɗaya suke zaune kuma yaran sun san haka. In na share ta daga labarin yaran za su ce ƙarya nake. Ban ambaci sunan kowa ba, ban zagi hukuma ba, abin da yarinya 'yar 15 take gani ta taga kawai na rubuta.

Abu Fahad, Makka: Duk da haka. Ba duk abin da ido ya gani baki ke faɗa ba.

'Yar Misfala: salam. afwan ni ƙarama ce a nan shekarata 17 amma ina son in yi magana. Ammu Abu Fahad wallahi wannan wajen da kuke cewa a cire shi ne wajen da muka yi kuka ni da banat ɗin fasalinmu, saboda muna da sadiƙa haka bizzabt, mun gama ibtida'i tare ita ba ta ci gaba ba. Khala Maman Rayyan ni ban karanta ba, ban iya ba sai shwayya, wannan ma da ƙyar nake rubutawa, wata anti ce ta yi tasjil da muryarta tana turo mana a Snap guntu guntu, mu wajen 20 muke ji da daddare. ba mu san ana biya ba wallahi asfa

Hajjo, Riyad: Kin ji ko!! An mayar miki da littafi odiyo ana rabawa ke kina nan kina lissafin mutum 30. Wannan ai sata ce tsagwaronta. Ni haka aka yi min, wani mai tasha a intanet ya kwashe littafina kaf ya sa aka karanta, dubban mutane suka saurara, da na yi masa magana cewa ya yi ai talla ya yi min kyauta in gode masa. Ko sisi ban gani ba. Kada ki yarda, ki nemo antin nan.

Maman Rayyan, Jidda: Hajjo tsaya tukuna, ni jikina ma rawa yake. 'Yar Misfala 'yata ku 20?? Kun kai ina a labarin?

'Yar Misfala: inda jaddu ya isa Fashir raƙumin ya mutu. antin ta yi aure ta daina. dan Allah Rukayya ta samu sauran waraƙan?

Maman Rayyan, Jidda: Allahu akbar. Kun san abin da ya fi ba ni haushi da kaina? Ai da baki na fara. Kafin in sa a waya duk Alhamis bayan la'asar 'yan mata 7 zuwa 10 na maƙwabta suke taruwa a ɗakina in karanta musu babi guda, su suke ce min Khala ba haka muke cewa ba, mu ba ma cewa "madalla", mu "khalas" muke cewa, in gyara. Sai rusau ya zo ƙarshen 2021 zuwa 2022, aka tashi Gulel da Petromin da Karantina da Sabil da Kandara, kowa ya kama gabansa, wasu Makka wasu Bahra wasu gida gaba ɗaya. Ina cikin rubuta littafi na 2 unguwar da nake ba da labarinta ta zama fili. Daga nan na koma tallan WhatsApp ina bin masu karatun Najeriya, na manta da waɗanda na fara dominsu.

Kuma tallan nan ba irin wanda ban yi ba. Na ba da shafi 15 kyauta, na biya admin admin na zaurukan littattafai su saka min fosta, wata ta karɓi kuɗi ta saka ƙarfe 2 na dare ta goge da asuba. Na yi gasar kacici-kacici da kyautar kati, waɗanda suka ci ko littafin ba su buɗe ba. Na buɗe zaure na waɗanda suka biya, kwana 3 na ga littafin yana yawo an goge sunana an sa "na marubuciyar zamani". Kuɗin ma sai ya shiga asusun ƙanwata a Kano, ita ta tara ta ba 'yan Kano-Jidda su kawo min yaji da daddawa da shi, don in an canza shi riyal ko kazar Albaik ta yara ba ya saya.

Baban Walid, Dammam: Hhh yaji da daddawa ai riba ce Hajiya. Amma da gaske, me ya hana ki buga shi a takarda? A nan akwai tsari, lambar littafi ta duniya a Maktabar Sarki Fahad ta Riyad ake karɓa, sai a nemi fasahi, wato izinin hukuma, kafin a buga. Ga baje kolin littattafai na Jidda duk Disamba, ga na Riyad, Madina ma sun fara nasu tun 2022, kuma tun 2020 akwai hukuma guda ta adabi da ɗab'i da fassara. Sai dai ki kula, ke mai igama ce a ƙarƙashin maigida, saye da sayarwa ba lasisi yana iya jawo matsala, gara ta hannun kamfanin ɗab'i.

Ɗalibin Madina: Baban Walid a buga a takarda wa zai karanta? Ai mun dawo inda muka taso. Sai dai in fassara shi za a yi zuwa Larabci, wannan kam yaran nan da na Sudan za su cinye shi a dare ɗaya, har Larabawan ma su san yadda aka yi muka zo.

Ustaz Ɗan Gadarif: In an fassara an sami masu karatu an rasa Hausar. Ni abin da ya ja ni ga aikin Malama shi ne yaro ya ji harshen kakarsa yana ɗauke da labari mai daɗi, ba aike da faɗa kawai ba. Ni ina bayan murya. Amma Malama in za ki yi, ki tuna da mu. Tun da yaƙi ya ɓarke 15 ga Afrilu 2023 makarantu suka daɗe a rufe, wasu ma 'yan gudun hijira aka zuba a ciki, Madani ta faɗi Disambar 2023 mutane suka kwararo mana nan, a Fabrairun 2024 aka yi ɗauke sabis na makonni sai wajen masu Starlink ake biya a shiga na awa guda. Yara sun daɗe suna zaune ba abin yi. Kada ki yi bidiyo mai nauyi, ki yi murya zalla minti 10 zuwa 12, wadda mutum ɗaya zai sauke ya tura wa goma ta bulutut. Kuɗi kuma wanda ya iya zai tura ta manhajar banki ta Bankak, amma kada ki sa rai.

Hajjo, Riyad: Wato dai ta yi aikin shekara 4 a kyauta. Ku maza da sauƙin faɗa. Kun san awa nawa ake yi ana taifin babi ɗaya da babban yatsa bayan an gama girki an kwantar da yara? Marubutan Hausa mata mun fi kowa yawan aiki mun fi kowa tsiya, in ba wadda Allah ya ba sa'a ta ci Hikayata ta BBC ba, ita ma gajeren labari ne sau ɗaya a shekara tun 2016. Da fisabilillahi ake sayen data?

Ummu Sadik, Makka: Hajjo ki sassauta. Ni ina da shawara a tsakiya. Iyaye ne masu kuɗi ba yara ba. Ni ina biya wa yarana malama mai zuwa gida, ina saya musu littattafan Larabci a Jarir riyal 40 riyal 50 ban taɓa jin ciwo ba, me zai hana in ba da riyal 20 a kan labarin da zai sa su zauna su ji Hausa? Mu iyaye na nan mu haɗa mu ɗauki nauyin na 4 da naɗin muryar duka, sai a sake shi kyauta ga yara, na Sudan su samu na Najeriya su samu, ɓarawo ma ya rasa abin sata. Ni na fara da 100.

Baban Walid, Dammam: A bi a hankali da tara kuɗi a zaure fa Hajiya, a nan ba a tara gudummawa haka kawai ba izini. Kowa dai ya sayi nasa kwafin ya ba da abin da ya ga dama a matsayin kyauta, ya fi tsafta.

Ummu Sadik, Makka: To na ji, kyauta ce na ba ƙanwata, akwai mai hanawa?

Jikan Mai Wurno, Kasala: Salamu alaikum. Kakana ne ya sa in rubuto, yana kusa da ni, na karanta masa duk abin da kuka ce, na kuma karanta masa shafukan kyauta da wani ya turo min tun bara. Ya ce a gaishe da Malama, ya ce aikin ya yi kyau amma akwai kuskure 2. Na ɗaya kin sa mutumin yana tsinkar auduga a Jazira da damina, ya ce lagit, wato tsinkar, da sanyi ake yi, daga Janairu zuwa wajen Maris, da damina shuka da noma ake, shi ya yi da hannunsa. Na biyu kin sa ya hau babban jirgi a Bur Sudan, ya ce alhazan ƙafa ta Sawakin suke bi, nan ake tsare su a yi musu allura, wanda ba shi da kuɗi ko takarda kuma sambuk, ƙaramin jirgin ruwa na katako, yake hawa da dare a sauke shi a gaɓar kudu da Jidda ya ƙarasa a ƙasa, wasu ƙishirwa ta kashe su a nan suna hango hanyar Makka. Ya ce babarsa haka ta haye da goyo.

Maman Rayyan, Jidda: Innalillahi. Ka ce wa Baba na durƙusa har ƙasa ina gaishe su, Allah ya ƙara musu lafiya ya mayar da su gida lafiya. Na audugar kuskurena ne, da daminar Kano na auna. Na Sawakin kuwa a littafi na 4 ne zai haye, a shafukan kyauta ambatonsa kawai na yi, don haka da sauran gyara. Dan Allah ko za su yarda ka naɗo min muryarsu suna ba da labarin sambuk ɗin nan yadda mahaifiyarsu ta ba su? Ko minti 5 ne.

Abu Fahad, Makka: Wannan na sambuk ni ma kakata ta ba mu shi, a Lis aka sauke su. In wannan za a rubuta ba ni da ja. Na igamar ne dai har yanzu ban yarda ba, kuma in za a yi muryar ina roƙon a tsallake babin.

'Yar Misfala: la Ammu dan Allah kar a tsallake

Maman Rayyan, Jidda: Yaya ba zan yi muku alkawarin tsallakewa ba, amma zan turo wa Hajiyarku babin kafin in naɗa, ku ji shi daga farko har ƙarshe, in akwai kalmar da ta yi kaifi mu rage. Wata matsalar kuma, muryata ta Kano ce, in na karanta maganar Rukayya da "yalla" da "ya shekha" dariya yaran za su yi min. 'Yar Misfala ke za ki iya karanta nata in ni na karanta na kakan?

'Yar Misfala: ni?? ai ban iya boko ba Khala

Ɗalibin Madina: Ba sai kin iya ba, ta faɗa miki layi ki maimaita da irin bakinku. Amma a nemi izinin mahaifinta tukuna.

Hajjo, Riyad: Ni dai na faɗa, ranar da kuka ga muryar a tashar wani da hoton 'yar fim a kai kada a zo ana min kuka. Ki dinga faɗin sunanki a farko da tsakiya da ƙarshen kowane babi yadda ba za su iya yankewa ba. Kuma ki shiga cikin kwaba tsakanin kaya ki naɗa, ki kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, in ba haka ba ƙararsa ce kawai za a ji.

Maman Rayyan, Jidda: A zafin Jidda in kashe mukayyif in shiga kwaba, Hajjo so kike in rasu kafin na 4 ya fito.

Jikan Mai Wurno, Kasala: Baba ya ce ya yarda amma sai bayan sallar asuba, lokacin ne kansa yake dawo da sunayen garuruwa. Ya ce kuma a tambayi Malama mutumin nata ta Abeshe da Adare ya shigo Jinena ko ta kudu ya bi, don in ta kudu ne to raƙumin nan da ya mutu a Fashir ba raƙumi ba ne, takarkari ne.